Yaya, kafin bindigogin fenti ka fara tanadin ƙaho

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ya Hajiya da jiki, ya iyali, ya kasuwa? Allah ya ƙara rufa asiri. Mu ma nan Birmingham lafiya lau muke, sai sanyi.

Saƙonka ya iso game da filin wasan harbin fenti da kake son buɗewa a Kano, na kuma ga jerin tambayoyinka: nawa bindiga, nawa ƙwayar fenti, nawa kaki. Akwai abu ɗaya da babu a jerin, shi ne kuwa abin da nake riƙe da shi a hannuna duk ƙarshen mako a filin da nake aikin alƙalanci a bayan gari: ƙahon da ake fara wasa da shi, ake kuma tsayar da shi. Na rubuto a fili ne saboda ba kai kaɗai ka yi mini wannan tambaya daga gida ba.

Wasan nan bai tsufa ba. A 1981 aka fara buga shi a jihar New Hampshire ta Amurka, da bindigogin da ake shaida itatuwa da shanu da su. Ɗan'uwansa eyasof, wanda ake harba 'yan ƙwayoyin roba masu faɗin milimita 6, daga Japan ya fito a shekarun 1970. Dukansu biyu abu ɗaya ne ke hana su zama masifa, wato a iya tsayar da kowa a lokaci guda.

Filinmu daji ne mai itatuwa da ramuka da tsofaffin motoci da aka jibge don ɓuya. Mutane sun kasu gida biyu, kowa fuskarsa a rufe har kunnuwa, yana haki, bindigogi suna ta tas-tas-tas. Ƙwayar fenti tana fita da gudun ƙafa 280 zuwa 300 a daƙiƙa, kusan mita 90 ke nan. In ta sami cinya, tabo ne da raɗaɗi na kwana biyu. In ta sami ido, ido ya tafi. A cikin wannan hayaniya ko maƙogwaronka zai tsage, na bayan kurmi ba zai ji ka ba.

Wata Asabar da safe ana yayyafi, wani yaro da bai wuce sa'an babban ɗanka ba ya durƙusa bayan tarin tayoyi. Gilashin fuskarsa ya yi hazo saboda numfashi, ba ya ganin komai. Ina kallo ya sa yatsa biyu a ƙarƙashin haɓa ya ɗaga abin zuwa goshi yana goge ido da bayan hannu, ga wasu uku sun zagayo ta hagu, bakin bindigoginsu na kallon tayoyin. Na ɗaga ƙaho sama na danna a gutsure, na sake, na sake. Kafin in sauke hannu daji ya yi tsit, kowa ya kifa bakin bindiga ƙasa ya tsaya inda yake. Abokin aikina ya isa wurin yaron ya rufe masa fuska da tafin hannu har ya mayar da abin. Ba ƙarfin ƙahon kaɗai ya yi wannan aiki ba. Tun kafin a ba kowa bindiga an tara su an busa musu kowace alama sun ji da kunnensu: doguwar busa ɗaya a fara, dogaye biyu an tashi, gajeru a jere kuwa a tsaya cak, wani yana cikin haɗari. Kowane fili da nasa tsarin, amma ban ga wanda ke barin mutum ya shiga bai saurari wannan bayani ba, ko da ya zo sau ɗari. Masu farautarmu sun san wannan tun da daɗewa, da ƙaho suke kiran juna in daji ya raba su, kowa kuma ya san busar da ke nufin a taru.

To ga kayan da ake samu a nan. Wanda ya fi yawa shi ne ƙahon gwangwani: gwangwanin gas kamar na maganin sauro, da bakin roba ja a kansa. Ana sayar da shi a shagunan kayan jirgin ruwa da na wasanni da kuma intanet, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, wajen fam 10 zuwa 15. Yana da ƙara sosai, desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 110 zuwa 120 in kana kusa. Amma shi ne na fi raina wa. Gas ɗin yana ƙarewa ba sallama, kuma in ka yi ta dannawa gwangwanin sai ya yi sanyi ƙalau a hannu, muryar ta shaƙe. A hunturun nan har cikin riga muke sa shi don ya ji ɗumi. A Kano matsalar juyewa za ta yi. A jikin gwangwanin an rubuta kada zafi ya wuce digiri 50, kai kuwa ka san yadda cikin mota yake a watan Afrilu in an ajiye ta a rana a bakin Kantin Kwari. Kada ma ka sa rai zan taho maka da shi, kamfanonin jirgin sama ba sa yarda da gwangwanin gas mai kama wuta a cikin kaya. Ko da an samo shi ta wata hanya, duk wanda ya ƙare sai ka sake neman canji ka sayo wani.

Akwai na famfo, wanda ake cika wa iska da famfon keke, in ta ƙare a sake bugawa. Wannan ya fi dacewa da mu, ko mai facin bakin titi zai cika maka. Sai dai kada ka ɗauka injin mai faci zai cika tukunyar bindigar fenti. Ita tana shan iska 3,000 a ma'aunin psi, tayar mota kuwa 30 da ɗoriya take sha. Injin cika tukunyar nan daban ne, yana da tsada, ka sa shi a lissafi tun yanzu.

Usur kuwa a nan garin gidansa yake. Kamfanin Acme, wanda Joseph Hudson ya kafa, tun 1884 yake ƙera usur ɗin alƙalan wasa a Birmingham, har gobe kuma yana nan. Akwai kuma Fox 40 na Kanada, wanda babu ƙwallo a cikinsa, don haka ƙura ko yawu ba sa maƙale shi. Wannan zan sayo maka guda da yawa, ba su da nauyi, ba sa lalacewa. Kowane alƙali ya rataya ɗaya a wuya. Amma usur ba ya maye gurbin ƙaho, don siririyar murya ba ta ratsa itatuwa da nisa kamar kakkaura, ga kunnuwan 'yan wasa a rufe.

Babban ƙahon filinka, shawarata a Kano za ka haɗa shi. A wannan fanni ne gida ya fi Ingila nesa ba kusa ba. A Ingila abu in ya lalace kwandon shara ake kai shi, domin kuɗin hannun mai gyara ya fi kuɗin sabo. Akwatin ƙahon lantarki mai agogo da ake sayar wa filaye a nan, in makunninsa ya mutu sai dai a mayar wa kamfani a zauna jira. Kai kuwa ka shiga Ƙofar Ruwa ka zaɓi hon ɗin mota mai bolt 12, a gwada maka shi a gabanka, ka yi ciniki, ka kai wa mai wayarin ya haɗa shi da batir da fiyus da makunni da doguwar waya, mai walda ya yi masa ƙarfen tsayawa da ɗan akwati saboda ƙurar hunturu da ruwan damina. Kafin la'asar an gama. In ya ɓaci ranar Asabar, ranar Lahadi yana aiki. Ka sa masa ƙaramin sola, ka huta da zancen wuta. Na yi kewar wannan sauƙi ƙwarai. Abin da nan suka fi mu shi ne rubutun jikin kaya gaskiya yake faɗa, kuma abin da ka saya ta intanet doka ta ba ka kwana 14 ka mayar in bai yi maka ba. Saboda haka abin rufe fuska kam daga nan za a saya, mai shaidar ingancin kare ido ta ASTM F1776, mai gilashi ruɓi biyu da ba ya saurin yin hazo. Gumin Kano zai yi wa gilashi abin da numfashi ke yi masa a sanyin nan. A wannan kada ka nemi araha ko kaɗan, Yaya.

Sai dai hon ɗin mota yana da wata illa da ba a san ta a nan ba. A Ingila da wuya ka ji direba ya danna hon. Dokar hanya ta hana dannawa in mota tana tsaye, ta kuma hana tsakanin ƙarfe 11:30 na dare da 7 na safe a cikin unguwa. Don haka in an ji ƙaho a dajinmu, kowa ya san namu ne. A Kano fa? In filinka yana bakin hanyar Zariya ko hanyar Haɗeja, tirela mai wucewa za ta iya fara maka wasa alhali wani bai gama ɗaura abin fuska ba, ko kuma yara su saba da jin hon har su daina kula da naka. Wannan na biyun ya fi ba ni tsoro. Ka nemi fili mai nisa da kwalta, ka zaɓi hon mai murya dabam da na manyan motoci da na adaidaita sahu, kuma alamar haɗari ta zama haɗin gwiwa: ƙaho ya yi, duk alƙalai su amsa da usur, su ɗaga jan ƙyalle, duk ɗan wasan da ya ji ya ɗaga murya ya ce a tsaya.

Inda za ka kafa shi ma yana da muhimmanci. Ƙara tana raguwa da desibel 6 duk sanda nisa ya ninka, kuma tana tafiyar mita 340 ne kawai a daƙiƙa. In ka ajiye ƙaho a gefe ɗaya na babban fili, na kusa za su riga na nesa ji, su ruga su kama wuraren ɓuya masu kyau, rigima ta tashi. Ka kafa shi a tsakiya, a saman ƙarfe, sama da kan mutum. Kada a taɓa danna shi kusa da kunnen wani, ko da wasa. A nan doka ta 2005 ta wajabta wa mai wuri ya ba ma'aikaci abin toshe kunne in ƙarar da yake sha a yini ta kai desibel 85. Yaran da za ka ɗauka aiki ka saya musu, ko ba wanda ya tilasta maka, haƙƙinsu ne a wuyanka.

Jiniya kuwa ka bar ta gaba ɗaya. Lasifikar hannu da ake sayarwa a Sabon Gari, irin ta masu tallan magani, tana da amfani wurin yi wa mutane bayani, amma yawancinsu suna da maɓallin jiniya, wasu filayen a nan ma da ita suke tashin wasa. Garin da ya ga hare-haren Boko Haram na ranar 20 ga Janairu 2012 ba wurin da za a haɗa kukan jiniya da ƙarar harbi da samari cikin kaki ba ne. Tsohuwar da ke gidan bayan katangarka ba ta san wasa ake yi ba. A cire wayar maɓallin tun a shago.

Wannan dalilin ne ya sa nake ganin ka jingine eyasof tukuna. Bindigar fenti da tulun ƙwaya a kanta da tukunyar iska a bayanta, ko daga nesa an san ba ta yaƙi ba ce. Ta eyasof kuwa wata ba ka bambanta ta da AK-47 sai ka ɗauka. Ko a nan, tun dokar 2006, ba a sayar maka da mai kama da ta gaske haka kawai. Sai ka cika shekara 18, kuma hanyar da aka fi bi ita ce rajistar UKARA (ƙungiyar masu sayar da kayan eyasof ta Birtaniya), wadda sai ka yi wasa sau 3 a fili mai rajista cikin lokacin da bai gaza wata 2 ba. In ba ka da irin wannan shaida, wadda aka shafe da launi mai haske za a ba ka. A gida kuma ƙaramar bindigar iska tana cikin kayan da kwastan suka haramta shigo da su. Ko ta fentin ma, kafin ka biya ko sisi ka je hedikwatar 'yan sanda a Bompai ka yi bayani, ka nemi amsa a rubuce. Ka gaida mai unguwa da dagaci da limamin masallacin da ya fi kusa, ka busa musu ƙahon su ji irin ƙararsa, ka yi musu alkawarin ba busa lokacin kiran salla, ba busa bayan magariba.

Kan kuɗi, yadda suke yi a nan shi ne kuɗin shiga kaɗan, riba a ƙwayar fenti, wasu filayen ƙwaya 100 tana kaiwa fam 8 zuwa 10. Ƙwayar ba ta son zafi ko danshi, narkewa take ko ta kumbura ta fashe cikin bindiga, sai ka tanadi ɗaki mai sanyi. Ɓawonta da jelatin ake yi, shi kuma jelatin wani daga shanu ake samu, wani daga alade. Tunda tana fashewa a tufafi har ta taɓa leɓe, ka tambayi kamfanin da za ka saya wurinsu su faɗa maka a rubuce, domin mutanenmu za su tambaye ka.

Ka turo mini tsawon filin da faɗinsa, da nisansa daga kwalta da gidajen mutane, in da hali da ɗan bidiyo ka zagaya shi a ƙafa. Da shi zan san ko ƙaho ɗaya ya isa ko sai biyu, da yawan alƙalan da kake bukata. Usur da abin toshe kunne zan ba mai tahowa kafin azumi in Allah ya yarda. A gaida Hajiya da kyau, a ce ta sa mu a addu'a.

Ƙaninka.