Daga Burusel zuwa Tawa: maganar bolan injin da kuka tambaye ni

Maigida, barkanku da aiki. Ku gaishe mini da Hajiya da yaran gareji baki ɗaya. Saƙon muryarku ya same ni ina ƙarƙashin mota, sai da dare na zauna na saurare shi a tsanake. Na ji batun yaron Alhajin nan da ya kawo muku Golf ɗinsa, wai ya gani a TikTok in an rage wa bolan injin nauyi mota tana tashi kamar an harba kibiya, yana so ku kai wa mai tur, wato mai injin feƙe ƙarfe, a feƙe masa. Kun ce in duba yadda ake yi a nan. To an yi dace, aikin da muka yi ke nan watan jiya, kuma ni na kwance na ɗaura da hannuna.

Ba zan koya muku aikin wannan faifan ƙarfe ba, wanda mutanen Najeriya ke ce wa fulawil, don a hannunku na san shi. Ina tune da ranar da kuka ce mini inji kamar mai daka ne, taɓarya ta sauka sau ɗaya, sauran lokacin ɗagawa ake yi. Fistan sau ɗaya yake turawa cikin motsi huɗu, nauyin bolan ne ke riƙe juyin har bugu na gaba ya zo. A jikinsa ambireyaji, wato kuloci, ke kamawa, a haƙoransa demarer mai tayar da inji ke cizo. Abin da ban sani ba sai da na zo nan shi ne yawancin motocinsu, musamman masu gazuwal, bolan ɗinsu biyu ne a haɗe, da rasor, wato sifirin, a tsakani mai shanye girgizar inji kafin ta isa akwatin giya. Bimas suke ce masa. Kamfanin LuK na Jamus ne ya fito da shi a 1985. Daɗin tuƙi gare shi, amma yana mutuwa, kuma in ya mutu ba a gyara shi.

Mai motar da muka yi wa aiki wani saurayi ne ɗan Beljik, yana da Golf 4 GTI, injin 1.8 mai turbo. Daga kamfani ƙarfin doki 150 gare ta, shi kuma ya sa an taɓa kwamfutarta an ƙara. Ba ta zuwa aiki ba ce, yana da wata. Wannan ta wasa ce, yana biyan kuɗi ya shiga filin tsere na Zolder ko na Spa ranar da aka buɗe wa kowa, ya yi ta zagaye har tayoyi su cinye. Bimas ɗinsa ya fara ƙara, ya ce tunda za a sauke akwatin giya, a sa masa marar nauyi.

Sai da muka yi kusan awa guda gaban kwamfuta kafin a saya komai. Irin biyu ne a kasuwa. Akwai na alminiyam, wanda ake ɗaura wa faifan ƙarfe a fuska inda ambireyaji ke goga, in ya cinye a canza faifan kawai. Shi ne mafi rashin nauyi. Akwai na ƙarfe mai tauri da suke kira kuromoli, gunduma guda, ya ɗan fi nauyi amma ya fi jure zafi. Patron ɗina, wato mai garejinmu, ya ce wa saurayin, in har zai riƙa tuƙa motar a titi zuwa filin, kada ya gangara ƙasa sosai, ya ɗauki na ƙarfe. Da kayan suka zo na ɗora su kan sikeli don in gani da idona: tsohon kilo 12 da ɗoriya, sabon kilo 6 da rabi. Da hannu ɗaya na ɗaga shi. Kuma na lura duk ramukan da aka huda don rage nauyi can wajen baki suke, tsakiya na nan da kaurinta. Dalili kuwa, ƙarfen da ke nesa da tsakiya shi ne ke wahalar juyawa. In ka ninka nisan, wahalar sau huɗu take ninkuwa. Don haka kilo guda a baki ya fi kilo da yawa a cibiya.

A nan na tafka kuskuren da har yanzu nake jin kunyarsa. Wannan inji yana zuwa da akwatin giya iri biyu, mai giya biyar da mai shida. Na biyar ɗin ana haɗa masa faifan ambireyaji mai faɗin milimita 228, na shida kuwa 240. Ni na danna na shida, motar kuwa mai biyar ce. Da a gida ne, kun san sauran zancen: an aika Yamai ko Kano, an jira mako, kaya ya zo bai hau ba, mai shago ya ce ai kai ka ce shi, a yi ta kai ruwa rana har a sa dattawa. A nan doka ta ba mutumin da ya sayi kaya ta intanet kwana 14 ya mayar ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma da sunan saurayin aka yi odar. Muka mayar cikin kwalinsa, bayan kwana biyu daidai ɗin ya iso. Sabon kaya kuma garantin shekara biyu gare shi. Tun ranar ba na odar komai sai da lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, wadda ke faɗin ainihin abin da ke cikin motar.

Kuɗin kuwa sai ku zauna kafin ku karanta. Bolan da ambireyajinsa sun tashi yuro 600 da ɗan kai, kusan jika 400 ke nan da kuɗinmu. Aikin hannu a garejinmu yuro 70 ne awa guda, wajen jika 46, aka rubuta masa awa shida. Na tuna yadda muke sauke akwatin giya a kan tabarma, mutum uku, da igiya da gungumen ice, a biya mu abin da bai kai kuɗin awa gudan nan ba, a ce sauran sai an sayar da albasa.

Wajen ɗaurawa babu wasa. Kusoshi shida ne, kuma tsofaffin shara aka zuba su, don irin masu miƙewa ne in an ɗaure, sau ɗaya ake amfani da su. Aka ba ni sufana mai awo, na ɗaure kowane zuwa 60, sannan na ƙara masa kwatan juyi, kamar yadda littafin motar ya ce. Mu da muke sa bututu a kan sufana mu taka da ƙafa har sai ya yi kuka! Ku yi haƙuri Maigida, ba ku nake wa dariya ba, ni ne mai takawar.

Da muka tayar da ita, na taɓa totur kaɗan, allurar ta haura ta dawo kafin in ƙifta ido. Abin da yaron ya gani a waya ke nan, kuma gaskiya ne. Amma da ta zauna a ralanti, inji na juyi ba a taka totur ba, sai ga wata ƙara daga akwatin giya, kacau-kacau, kamar tsakuwa cikin gwangwani. Na dubi patron da fargaba, ya ce in taka ambireyaji. Na taka, ƙarar ta ɗauke. Na saki, ta dawo. Girgizar da rasor ɗin bimas ke shanyewa ce yanzu take isa haƙoran giya. Da muka kunna kilim, na'urar sanyaya mota, abin ya ƙaru. Ba lalacewa ba ce, haka za ta zauna. Na fita gwaji, a fitilar farko da ke bakin kanal ta mutu mini, ni da na shekara goma sha biyar ina tuƙi. Sai ka ba ta wuta fiye da yadda ƙafarka ta saba, sannan ka saki a hankali. A giya ta ɗaya da ta biyu ana jin ta yi sauƙin jiki ƙwarai, canjin giya ma sai da hanzari don juyin inji na faɗuwa da sauri. A ta biyar kan babbar hanya ban ji wani bambanci ba. Ƙarfin doki ko ɗaya bai ƙaru ba. Injin ne ya daina ɓata ƙarfinsa wajen juya kilo shidan da aka cire.

Yanzu ku auna wannan da Tawa. Mota ta tsaya cikin rairayi a ƙofar gida, mutum biyar a ciki, buhu a baya, kilim a kunne cikin zafin Afirilu. Abin da ke fitar da ita shi ne nauyin nan da ake so a rage. In babu shi, sai dai a yi ta ƙona ambireyaji. Ku tuna hanyar Abalak zuwa Agadas, inda ake tafiya a giya ta biyu ana kauce wa ramuka. Can mota mai haƙuri ake nema. Saurayin nan yana da kwalta mai santsi kamar faranti da fili na musamman, shi ya sa abin ya yi masa rana.

Maganar feƙewa kuwa, don Allah kada ku yarda. In bimas ne a motar, babu ma abin feƙewa. In kuma an riga an sa mata mai gunduma guda, yawanci ƙarfen zubi ne, ba ya lanƙwasa, fashewa yake. An rage masa kauri, ba a daidaita nauyinsa a na'ura ba, yaro ya kai shi juyi dubu shida, ranar da zai tarwatse gutsattsarinsa na iya fasa murfin ambireyaji su fito. Waɗanda ake sayarwa don tsere akwai masu tambarin gwaji na SFI daga Amurka, an juya irinsu fiye da kima an ga ba su fashe ba. Mai tur ɗinmu gwani ne, na ga abin da hannunsa ke fitarwa, amma ba shi da wannan na'urar. In wata rana wani ya kawo muku Renault ko Peugeot da irin wannan buƙata, akwai ƙarin matsala: da yawansu a jikin bolan ne haƙoran da kwamfuta ke ƙirgawa suke, in sun saɓa mota ba za ta tashi ba sam.

In bimas ɗin yaron ne ya gaji, akwai abin da ya fi dacewa da mu. Kamfanin Valeo na yin wani haɗi mai bolan gunduma guda da nauyinsa na daidai, rasor ɗin kuma an mayar da su jikin faifan ambireyaji. Masu taksi da masu ɗaukar kaya a nan da yawa shi suke sawa. Sabo ne zan nema, ba na unguwar Heyvaert ba. Can ne ake tara tsofaffin motocin da ke bi ta tashar Anbers su sauka Kwatano da Lome, kuma na ga bimas ɗin da ake cirewa ana jibgewa cikin kwantena. Wani in ka riƙe shi ka murɗa, yana lilo kamar haƙorin tsoho. Su ne muke saye a kasuwar Katako ta Yamai da sunan ɗan Beljik, muna murna.

Wani abu guda da zai ba ku mamaki: duk kayan aikin nan nasu, ba su iya ceton abu ba. Ran nan haƙoran demarer na wani bolan suka cinye a gefe guda, za su jefar da shi dungurungum. Na ce a gidanmu zoben ake gasawa a cire, a sa wani. Suka tsaya suna kallona har na gama, patron ya ɗauki hoto.

Ku ɗauko mini hoton katin motar inda lambar shasi take, ku kuma faɗa mini giya nawa gare ta. Wani ɗan Illela zai taso ƙarshen wata, zan ba shi sufana mai awo ya kawo muku, da kusoshi sababbi guda shida. In zai dawo, a sako mini cuku da kilishi, amma a faɗa masa tun da wuri, don masu duba kaya a filin jirgin nan ba sa barin nama da kayan nono su shigo. In ya ga ba hali, yajin Hajiya ma ya isa.