Gargaɗi kan masu cewa suna narkar da kumburin jijiyar jini da ƙwaya

Jama'a, a yi hattara da wata damfara da ke yawo a Facebook da WhatsApp da TikTok a kan ciwon kumburin jijiyar jini, wanda likitoci ke kira aniyurizim. Salonsu ɗaya ne duk inda suka ɓulla. Sai su yi tallar "gwajin jiki gaba ɗaya cikin minti biyar", sau da yawa ma kyauta. Idan ka je, a miƙa maka wani ɗan ƙarfe da aka jona da kwamfuta, a ce ka damƙe shi a tafin hannu. Kafin ka gyara zama takarda ta fito cike da jajayen layuka, wani mai farar riga ya girgiza kai ya ce jijiyar kanka ko ta cikinka ta kumbura, saura ƙiris ta fashe. Kana cikin ruɗewa sai a ciro kwalaben ƙwayoyi, a ce na "wanke jijiya" ne, wata uku kacal kumburin ya narke ba tare da tiyata ba.

Wannan ƙarya ce tun daga tushe. Ƙarfen da aka damƙe a hannu ba ya ganin cikin jiki. Babu hoton da yake ɗauka, babu abin da yake aunawa a jijiya. Kumburin jijiya ana ganinsa ne da hoto na gaskiya: sikanin ciki mai amfani da sauti, ko hoton CT, ko MRI, ko kuma hoton da ake ɗauka bayan an zuba wani ruwa na musamman a jijiya don ta fito fili. Kuma sakamakon gaskiya yana zuwa da wuri da awo: wace jijiya ce, a ina, faɗinta santimita nawa. Duk wanda ya ce kana da kumburi amma ya kasa nuna maka hoto da awo, bai ga komai ba.

Batun "wankewa" shi ne ya fi ci mini rai, domin yana shiga kunne da daɗi. Kumburin jijiya ba datti ba ne da ya taru. Bangon jijiyar ne ya yi rauni a wuri guda, ƙarfin bugun jini ya yi ta tura shi waje har ya buɗe, kamar yadda tsohuwar tiyo ke yin ƙulu a inda ta yi laushi. To me za a wanke? Har yau babu ƙwaya, ta asibiti ko ta ganye, da aka tabbatar tana mayar da bangon da ya buɗe yadda yake. Da akwai, da likitocin tiyatar jijiya ba su shafe shekaru suna buɗe ciki da ƙoƙon kai ba.

Ga abin da likitoci ke yi a zahiri. Babbar jijiyar da ta fito daga zuciya ta ratsa ciki faɗinta kusan santimita 2 ne a jikin babba. Idan ta kai santimita 3 ana kiranta kumburi. Ƙarami ba a yi masa tiyata nan take, ana sa masa ido ne da hoto lokaci zuwa lokaci, tare da daina shan sigari da riƙe hawan jini. Idan ya kai wajen santimita 5.5 a namiji, ko ƙasa da haka kaɗan a mace, ko yana girma da sauri, ko ya fara ciwo, sai a yi maganar gyara. A 1951 Charles Dubost ya yanke irin wannan kumburi a birnin Faris ya maye gurbinsa. A 1990 Juan Parodi a Ajantina ya zura bututu ta jijiyar matsematsi ya shimfiɗa shi a cikin kumburin ba tare da buɗe ciki ba, kuma hanyar ta yaɗu a duniya. A ɓangaren ƙwaƙwalwa, tun 1937 Walter Dandy ya matse wuyan kumburi da ɗan ƙarfe, daga baya kuma a farkon shekarun 1990 aka samu dabarar Guido Guglielmi ta cusa siririyar wayar filatinum a cikin kumburin don jini ya daskare ya toshe shi. Shahararren masanin kimiyya Albert Einstein, da duk manyan likitocin da ke kewaye da shi, kumburin jijiyar ciki ne ya fashe ya yi ajalinsa a 1955, bayan an taɓa naɗe masa ita a tiyata a 1948. Wai abin da ya gagari waɗannan ne wani zai narkar da kwalba uku?

Cutarwar damfarar nan ta fuska biyu take zuwa. Mai lafiya ana tsoratar da shi a kwashe masa kuɗi, ya kwana yana jin ko yau kansa zai fashe. Wannan ma zalunci ne, amma na biyun shi ne mai kisa: wanda yake da kumburin da gaske, likita ya riga ya ba shi ranar dawowa hoto ko ranar tiyata, sai tsoron wuƙa ya tura shi hannun waɗannan mutane. Bayan wata uku su sake ba shi ƙarfen ya riƙe, takarda ta fito da korayen layuka, a ce ya warke. Tunda yawancin kumburin ba ya ciwo kafin ya fashe, sai ya yarda, ya daina zuwa asibiti. Wasu ma har ce masa suke ya ajiye maganin hawan jini wai kada ya "yi karo" da nasu, alhali hawan jini da sigari su ne manyan abubuwan da ke ƙara wa bangon jijiya nauyi. Kuma ba ka san abin da ke cikin kwalbar ba. Wasu ganyayyaki, irin su ginko, suna rage daskarewar jini, abin da ba a so mutum ya sha da ka idan yana jiran tiyata ko yana kan maganin tsinka jini.

Akwai kuma 'yan uwansu a sana'a, masu kiran kansu wakilan babban asibiti a wata ƙasa, da ke neman kuɗin ajiyar gado a asusun mutum ɗaya tun kafin wani likita ya kalli hotonka. Ka nemi lambar asibitin da kanka daga shafinsa na ainihi, ka tambaya ko sun san da zamansu.

Ban ce a raina ciwon ba. Bincike ya nuna kusan mutum 3 cikin 100 na manya suna ɗauke da kumburi a jijiyar ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawansu ba ya taɓa fashewa. Waɗanda ya kamata su yi wa likita maganar gwaji su ne wanda ciwon ya kama iyayensa ko 'yan uwansa na jini, da mai ciwon ƙoda na gado mai ƙuraje masu ruwa, da mai ciwon Marfan (ciwon gado mai raunana bangon jijiya), da dattijon da ya taɓa shan sigari. A Ingila ana gayyatar maza su yi sikanin ciki a shekarar da suka cika 65, a Amurka kuma ana ba da shawarar yin sa sau ɗaya ga maza 'yan shekara 65 zuwa 75 da suka taɓa shan sigari. Kumburi na iya fitowa a bayan gwiwa ma, inda haɗarinsa gudan jini ne da zai toshe hanya ƙafa ta rasa jini. Na jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya bai cika faruwa ba, amma shi ma yana iya jefa gudan jini zuwa huhu. Kada a yarda a matsa ko a tsaga ko a yi ƙaho a kan wani ƙulli da ke bugawa kamar zuciya.

Idan ciwon kai mai tsanani da mutum bai taɓa jin irinsa ba ya sauko lokaci guda, da amai, ko sanƙarewar wuya, ko gani biyu-biyu, ko suma, a nufi sashen gaggawa na asibiti nan take. Haka idan ciwo mai tsanani ya soki ciki ko baya ko ƙirji kwatsam tare da gumi da jiri, ko ƙafa ta yi sanyi ta ɗashe tana zogi. Ba lokacin kiran mai kwalba ba ne.

Wanda kuma ya riga ya saya, kada kunya ta hana shi magana. Ya ɗauki kwalbar da takardar da suka ba shi ya kai wa likitansa, ya faɗa masa tun yaushe yake sha da kuma ko ya ajiye wani magani. Ya adana saƙonnin da shaidar biyan kuɗi, ya kai ƙara ga hukumar da ke kula da magunguna a ƙasarsa, sannan ya danna maɓallin kai rahoto a shafin da ya ga tallar don a sauke ta.