Wasiƙa daga Birmingham kan gilashin VR da shagon gem

Ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Inna da sauran mutanen gida. Saƙonka ya iso. Na ji kana so ka sayar da rabin PlayStation ɗin shagonka, ka haɗa da abin da ka tara, in sayo maka gilashin VR guda shida, wato na'urar nan da ake ɗaurawa a fuska mutum ya ga kansa a cikin wasan, don ka riga kowa a unguwa. Abin da ya sa na yi jinkirin amsa maka shi ne ina so in zagaya kasuwar nan in gani da idona, in kuma ɗaura abin a fuskata tukuna. Shawarata ita ce kada ka sayar da komai, ka fara da guda biyu kacal. Ka yi haƙuri ka karanta dalilaina har ƙarshe, domin guminka ne za ka zuba.

Mu fara da farashi, tunda shi ka fi matsa min a kai. Wanda ya fi tashe shi ne na kamfanin Meta, masu Facebook da WhatsApp. Quest 3 ya fito a watan Oktoban 2023 a kan fam 480, bayan shekara guda suka fito da mai sauƙinsa, Quest 3S, a kan fam 290. Waɗannan ba ruwansu da kwamfuta ko PlayStation, komai nasu a jikinsu yake, har batir. Na Sony kuwa, PlayStation VR2, sai an jona shi da PS5 ta waya, kuma da ya fito a watan Fabrairun 2023 fam 530 aka sa masa, wato ya fi ita kanta PS5 ɗin tsada a lokacin. A watan Maris na 2025 suka sauko da shi fam 400. Akwai kuma na Apple, Vision Pro, wanda ya fito a nan a 2024 a kan fam 3,499, amma wannan ka cire shi daga lissafi, ba kayan shagon gem ba ne.

Yadda ake sayar da kaya a nan ya burge ni, gaskiya. Za ka yi oda ta waya a manyan shaguna irin su Argos ko Currys, in suna da shi a ajiye ka je ka karɓa a ranar. In ta intanet ka saya aka kawo maka gida, doka ta ba ka kwana 14 ka ce ka fasa, ko da lafiyar kayan ƙalau. In kuwa ya zo da matsala, kana da kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka cas. Ka kwatanta da wajenmu, inda da zarar ka bar bakin shago, sai dai mutunci da sanayya su yi maka aiki. A shagon Apple ma lokaci ake ba ka, ka zauna kamar rabin awa ka gwada kyauta, su auna fuskarka su zaɓo abin da zai dace da ita. Sai dai duk wannan gatan a nan yake tsayawa. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Meta ke sayar da Quest kai tsaye, don haka ranar da ɗaya ya lalace a Kano, garantin ba zai amfane ka ba sai an sami mai dawo min da shi Ingila.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai ba a shagon sababbin kaya na gan shi ba. Akwai shagunan kayan hannu da ake kira CeX, kusan kowane gari akwai su. Ka leƙa tagarsu za ka ga gilashin VR a jere, wasu fes da su kamar jiya aka ɓare kwali. A dandalin saye da sayarwa na Facebook ma haka suke birjik. Wani abokin aikina ya saya wa ɗansa da Kirsimeti. Makon farko yaron ko abinci sai an yi da gaske, kafin hunturu ya wuce abin yana saman kwaba ya yi ƙura, yaron ya koma kan ƙwallonsa a talabijin. Ba shi kaɗai ba ne. A shekarar 2023 labari ya fita cewa wani babban jami'in Meta ya shaida wa ma'aikata sun sayar da Quest kusan miliyan 20, amma sababbin masu saye ba sa ɗorewa da amfani da shi kamar na farko.

Me ke kawo haka? Jiki ne ba ya ɗauka. Quest 3 gram 515 ne, rabin kilo da 'yar ɗoriya, kuma kusan duk nauyin a gaba yake, a goshi da kumatu. Na Apple na farko ya kai gram 600 zuwa 650, ban da batir ɗinsa da ake sa wa a aljihu. Rabin kilo a hannu ba komai ba ne, amma a rataye a fuska wuya ne ke biya. In ka sassauta maɗaurin, hoto ya dushe; in ka ɗaure tam, ya bar maka shaida zagaye da ido. Shi ya sa har kasuwa guda ta buɗe ta masu sayar da maɗauri na daban mai batir a ƙeya, don nauyin ya daidaita, kuma wannan wani kuɗin ne da ba ya cikin farashin kwali.

Sai jiri. Na je wani gidan wasa a tsakiyar gari, yarinyar da ke kula da wurin ta goge gilashin da tsumman kashe ƙwayoyin cuta, ta ɗaura min, ta juya wani ɗan abu a ƙasa har rubutu ya fito tar. Wasan farko a tsaye nake wuri ɗaya ina saran abubuwan da ke tahowa da sanda biyu, na ji daɗinsa ƙwarai, har na manta akwai mutane a ɗakin. Da aka sa min na biyu, wanda ake tura ɗan madannin da ke hannu mutum ya riƙa gudu a cikin wasan alhali ƙafarsa na nan kafe, nan take gumi mai sanyi ya karyo min, miyau ya taru a bakina, cikina ya juya. Na cire na zauna, kuma har na hau bas zuwa gida kaina bai sake ni ba. Dalilin a bayyane yake: ido na gaya wa ƙwaƙwalwa tafiya ake, shi kuwa cikin kunne, inda ma'aunin daidaiton jiki yake, yana cewa a tsaye ake. Ka tuna yadda kake yi in ka tsura wa waya ido a bayan mota a hanyar Zariya? To shi ne, sai dai an juya shi. Wasu jikinsu na sabawa, wasu kuwa sau ɗaya ya ishe su, ba za su ƙara ba har abada, kuma irin waɗannan su ne za su fita su ba da labarin shagonka.

Akwai kuma tazarar da ke tsakanin idanu, wadda ta bambanta daga mutum zuwa mutum. Tsohon Quest 2 matsayi uku kawai gare shi, milimita 58 da 63 da 68. Wanda idonsa bai faɗa ɗaya daga ciki ba, ciwon kai ne rabonsa. Yara da masu ƙaramar fuska sun fi shan wannan wahalar. Sony ta ce nata ba na 'yan ƙasa da shekara 12 ba ne, Meta kuma ta tsaya a shekara 10, shi ma da sa idon iyaye. To ka duba yaran da ke cika maka shago bayan an tashi daga Islamiyya, nawa ne a cikinsu suka kai?

Su kansu manyan kamfanonin ba riba suke kwasa ba. Facebook ya sayi kamfanin Oculus mai ƙera gilashin VR a 2014 a kan kusan dala biliyan 2, a 2021 ya sauya suna zuwa Meta don ya nuna inda ya sa gaba. Sashensu mai yin waɗannan na'urori, Reality Labs, ya yi asarar dala biliyan 13.7 a 2022, biliyan 16.1 a 2023, biliyan 17.7 a 2024. Kuɗin tallace-tallacen Facebook da Instagram ne ke cike wannan ramin. Google ya daina nasa mai suna Daydream tun 2019, Microsoft ya sanar da rufe nasa a ƙarshen 2023. Tun 1995 ma Nintendo ta gwada da Virtual Boy, mutane suka yi ta kukan ciwon ido da kai, bai ƙulla shekara guda cur a kasuwa ba. Abin da na lura yana tafiya yanzu shi ne tabarau mara nauyi na Ray-Ban da Meta suka yi tare, mai kyamara da sifika, wanda nauyinsa kusan gram 50 ne kawai. Kamfanin da ke ƙera shi ya ce zuwa farkon 2025 an sayar da miliyan 2. Ba na gem ba ne, amma ya nuna maka abin da fuskar ɗan'adam ta yarda ta ɗauka.

Duk da haka ban ce ka haƙura ba, kuma a nan ne na ga hasken shawararka. Abin da mutum ba zai iya jurewa awa biyu a gida ba, zai biya da murna ya yi minti goma sha biyar a shago. A nan gidajen wasan VR sun fi cika ranar Asabar da Lahadi, ƙungiyar abokai ne ko masu bikin ranar haihuwa, su yi rabin awa su yi ihu su ɗauki bidiyo su tafi. A Kano kuwa, inda kaɗan ne za su iya sayen nasu na kansu, mai shago ne zai ci wannan kasuwar. Da sallah na tabbata layi za a yi maka.

Sai dai ka yi lissafin da kyau. PlayStation ɗaya mutum biyu take ɗauka a lokaci guda, goma na bayansu suna kallo suna musu, wanda aka ci ya tashi wani ya zauna. Gilashi kuwa mutum ɗaya ne, shi kaɗai ke ganin abin da ke ciki, sai fa in ka haska wa sauran a talabijin, wanda lallai ne ka yi, in ba haka ba shagon zai yi tsit. Yana kuma cin fili: ana so a ware masa mita biyu tsawo, mita biyu faɗi, ba kujera ba tebur, domin mai wasa ba ya ganin bango, duka yake kai wa ko ta ina. Fankar sama ma ka kula da ita. Tsakanin kwastoma da kwastoma sai an cire, an goge, an daidaita wa na gaba, an koya masa riƙon sanduna, don haka yaro guda za ka ware wa wannan aikin shi kaɗai. Batir kamar awa biyu yake yi, sannan ya koma caji. Wasannin kuma da kati ake sayensu ta intanet da kuɗin waje, kuma wanda aka saya don amfanin gida lasisinsa daban yake da na kasuwanci. Wannan zan bincika maka a nan kafin mu biya ko sisi.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi. A nan, cikin ɗaki mai sanyi, na cire gilashi soson da ke jikinsa ya jiƙe sharkaf. Ina ga Kano a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya? Soson nan zai sha gumin mutum talatin a wuni. A 2021 sai da aka dakatar da sayar da Quest 2 na ɗan lokaci, aka janye soson kusan guda miliyan 4 a Amurka, bayan mutane sama da dubu biyar sun yi ƙorafin ƙaiƙayi da ƙuraje, aka raba murfin roba a madadinsa. Kai kuma kana da ƙarin abin tsoro, wato lokacin da ciwon ido na apolo ke yawo. Duk wanda ka ga idonsa ya yi ja, ka ba shi haƙuri ko nawa zai biya. Kada kuma ka taɓa barin gilashin inda rana za ta haska cikinsa, ko ta taga ce, domin madubin na tattara hasken ya ƙona allon ciki, kuma garanti ba ya ɗaukar wannan ko a nan. Da hunturu ka ajiye su a akwati mai murfi saboda ƙura. In 'yan mata za su zo, ka sa a ranka cewa maɗaurin ba ya zama daidai a kan ɗankwali ko tulin kitso, kuma ya fi kyau a sami mace ta riƙa ɗaura musu.

Ga yadda nake ganin za mu yi. Zan sayo Quest 3S guda biyu sababbi, da maɗauri mai batir, da murfin roba da yawa don a riƙa canzawa ana wankewa. Wasannin da ake yi a tsaye wuri ɗaya kawai za mu zuba, irin su dambe da ƙwallon tebur da harbi, ban da na gudu da na lilo. Ka ƙayyade minti goma zuwa sha biyar ga kowa, ka ajiye kujera da ruwan sha a kusa. Ka sami littafi ka riƙa rubuta mutum nawa suka shiga kullum, kuma mafi muhimmanci, nawa ne suka dawo karo na biyu da na uku. Bayan wata uku ka turo min hoton littafin mu duba tare, daga nan mu san ko za a ƙara.

Saboda batir ɗin da ke ciki, na fi son in ba mai zuwa gida ya riƙo su a jakar hannu maimakon in sa a kago, kuma akwai wanda zai taho kafin azumi. Kafin nan ka auno min tsawo da faɗin ɗakin baya na shagon, da tsayinsa daga ƙasa zuwa fanka, ka kuma gaya min awa nawa solarka ke riƙe wuta da daddare.

Ka gaida Inna da kyau, ka ce mata maganin ƙafarta na cikin saƙon.

Yayanka.