God of Gamblers: Gwanintar Chow Yun-fat da Yaudarar Teburin Caca

Masu son fina-finan Chanis a ƙasar Hausa sun fi sabawa da na faɗa da hannu, shi ya sa mutane da yawa ba su san God of Gamblers ba, duk da cewa yana daga cikin fina-finan da suka fi yin kasuwa a Hong Kong a zamaninsa. Ya fito a watan Disamba na shekarar 1989, lokacin da birnin yake ƙarƙashin mulkin Birtaniya, Wong Jing ne ya rubuta shi kuma ya ba da umarni. Na kalle shi da harshensa na asali, wato harshen Kanton, tare da fassara a rubuce a ƙasan allo, kuma na same shi fim ne da ɗan wasa guda ya ɗauka a kafaɗarsa tun daga farko har ƙarshe.

Chow Yun-fat ya fito a matsayin Ko Chun, ɗan cacar da ba a taɓa cinyewa ba, wanda ba ya yarda a ɗauki hotonsa, kuma ba a raba shi da abubuwa biyu, zoben dutse mai daraja a ƙaramin yatsansa da kuma cakulan. A farko-farkon fim ɗin an je Tokyo, inda aka yi gasar girgiza 'ya'yan lido shida a kan sharaɗin wanda lissafinsa ya fi ƙanƙanta shi ne ya ci. Abokiyar karawarsa ta fito da ɗaya a kan kowanne, jimla shida, abin da kowa ya ɗauka babu ƙasa da shi, sai Ko Chun ya girgiza nasa da ƙarfi har guda ya farfashe, ya tashi da biyar. Daga nan wani Bajapane ya roƙe shi ya rama masa abin da Chan Kam-sing, wani tsohon ɗan caca na Singafo, ya yi wa mahaifinsa.

Kafin ranar karawar, Ko Chun ya faɗa wani tarko da ba don shi aka haƙa ba, ya bugu a kai, tunaninsa ya koma irin na ƙaramin yaro. Wanda ya haƙa tarkon shi ne Knife, matsayin da Andy Lau ya taka, saurayin da caca ta cinye kuma bashi ya yi wa katutu. Shi da budurwarsa, wadda Joey Wong ta fito a matsayinta, suka ɗauke shi zuwa gida, kuma da Knife ya gane cewa hannun baƙon nasa bai manta da karta ba, sai ya riƙa jan sa zuwa gidajen caca yana lallaɓa shi da cakulan.

A wannan sashe na tsakiya ne darajar fim ɗin take. Mutumin da muka gani cikin baƙar kwat, gashi a kwance, yana murmushin wanda ya san ƙarshen wasa tun kafin a raba karta, shi ne kuma muke gani yana tura baki yana kuka saboda an hana shi abin zaƙi, kuma ko sau ɗaya ban ji cewa wasa ake yi mini ba. Tafiyarsa ta canza, kallonsa ya canza, har yadda yake riƙe hannuwansa ya canza. Akwai wurin da Knife ya gaji da shi ya yasar da shi a kan titi, daga baya nadama ta kama shi ya dawo yana nemansa hankali a tashe. Wannan wuri ya taɓa mini zuciya fiye da duk harbe-harben da ke cikin fim ɗin, ko da yake su ma an tsara su da kyau, musamman artabun da aka yi a wurin ajiye motoci tare da Charles Heung, wanda ya fito a matsayin mai tsaron lafiyar Ko Chun.

Abin da ya dame ni shi ne yadda aka yi wa caca ado. An nuna ta kamar wata sana'a ta masu basira, alhali idan mai kallo ya lura zai ga cewa babu wata babbar nasara a fim ɗin da aka samu ta tsabtatacciyar hanya. Hatta karawar ƙarshe, wadda aka yi a jirgin ruwa a kan teku saboda dokar Hong Kong ba ta halatta gidajen caca ba, gasa ce ta wanda ya fi wani iya maguɗi, da karta mai alama da tabarau na musamman. Ɗan caca na gaskiya a labarin shi ne Knife, wanda masu ba da bashi da ruwa suke bi lungu-lungu har yana tsallake-tsallake a kan gorar da magina suka kafa a jikin bene, kuma sai aka mai da halinsa abin dariya. Yanzu da shagunan caca na ƙwallo suka cika garuruwanmu, kuma wayar hannu ta kai ta har cikin ɗaki, ina fargabar matashi ya kalli fim ɗin ya ga kansa a Ko Chun, alhali hanyar Knife yake bi.

Akwai kuma rashin daidaito a tafiyar labarin, domin ana cikin barkwanci sai a faɗa cikin ta'asa ba tare da shiri ba. Abin da ɗan uwan Ko Chun maci amana ya yi wa Janet, budurwar Ko Chun, mummuna ne ƙwarai, kuma bai kamata yara su gani ba. Matan fim ɗin ma ba a ba su wani aiki na kirki ba.

Duk da haka, kiɗan da Lowell Lo ya tsara don shigowar Ko Chun zauren caca ya cancanci sunan da ya yi, kuma fim ɗin ya haifar da jerin wasu irinsa, ciki har da wanda ya fito da Stephen Chow fili a 1990. Ina ba babba mai hankali shawarar ya kalle shi, ya kuma nemi kwafin harshen Kanton, domin rabin gwanintar Chow Yun-fat tana cikin muryarsa ne, kuma kwafin da aka ɗora wa wata murya yana zubar da ita.