Faifan DVD, Blu-ray ko intanet: wanne ya fi wajen mallakar Poirot na David Suchet?

An haifi David Suchet a Landan ranar 2 ga Mayu, 1946. Ya goge a wasan dandamali da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Royal Shakespeare Company tun 1973, amma abin da duniya ta fi saninsa da shi shi ne Hercule Poirot, ɗan binciken nan na ƙasar Beljiyam mai murɗaɗɗen gashin baki da marubuciya Agatha Christie ta ƙirƙira. Ya fito a wannan matsayi a tashar talabijin ta ITV a Birtaniya daga 1989 zuwa 2013, zango 13, kashi 70 cif. Wannan 70 ɗin a riƙe shi da kyau, domin a nan ne masu saye suka fi yin asara.

Akwai kwalaye da aka buga kafin 2013 da aka rubuta wa "cikakken tari" da Turanci, kuma ba ƙarya aka yi ba a lokacin. Wanda ya tsaya a zango na 12 kashi 65 ne a ciki, wasu ma ba su kai haka ba. Biyar na ƙarshe, har da Curtain, inda labarin Poirot ya ƙare, ba sa ciki. Juya bayan kwalin, ka nemi zango na 13. In ba ka gan shi ba, ajiye shi komai arharsa.

Sai kuma ka san wane Poirot kake so, don kusan shiri biyu ne da suna ɗaya. Na farkon, wanda yawancinsa gajeru ne masu kimanin minti 50 (su 36 ne), yana da raha da walwala. Hugh Fraser na nan a matsayin Kyaftin Hastings, Philip Jackson shi ne Sufeto Japp, Pauline Moran kuma Miss Lemon. Daga zango na 9, wanda ya fara a 2003, an ajiye waɗannan ukun, ba su dawo ba sai a 2013. Labaran suka koma dogaye, awa ɗaya da rabi ko fiye, Poirot ya tsufa, fuskarsa ta rage fara'a, addininsa na Katolika ya fito fili. Murder on the Orient Express na 2010 ya isa misali. Mai neman abin kallo da iyali bayan isha'i, zango na 1 zuwa na 6 sun wadatar da shi, kuma ana samunsu a rarrabe. Wanda ke son ganin iyakar ƙwarewar Suchet, na baya ne nasa.

Faifan DVD shi ne mafi sauƙin samu, amma yana da tarko: lambar shiyya. Na Ingila shiyya ta 2 ne, na Amurka ta 1, Najeriya da Nijar kuwa suna ta 5. Na'urar da aka kulle kan shiyya ɗaya za ta ƙi faifan, ta rubuta saƙon kuskure a allo, alhali faifan lafiyarsa ƙalau. Lambar tana bayan kwali, cikin ɗan hoton duniya. Wasu ƙananan na'urorin kasuwa ba a kulle suke ba, sai dai a gwada kafin a biya kuɗi. Idan za a zaɓa tsakanin bugun Ingila da na Amurka, na Ingila ya fi: tsarin PAL ne mai layi 576, irin wanda aka shirya shirin da shi, na Amurka kuwa NTSC ne mai layi 480.

Blu-ray ya fi tsada, amma hotonsa layi 1080 ne, kuma bambancin a bayyane yake, musamman a kashin farko-farko da aka ɗauka da fim aka sake wankewa. Za ka ga zaren kwat ɗinsa da ƙyallin man gashin baki, abin da DVD ke dusasarwa. Shiyyoyinsa haruffa ne: A ta Amurka, B ta Turai da Afirka. Kamfanin Acorn ya fitar da dukkan kashi 70 a Amurka, don haka sai ka tabbatar ko faifan a kulle yake kan A kafin ka yi oda. Na'urar Blu-ray tana karanta DVD, ta DVD kuwa ba ta karanta Blu-ray. In talabijin ɗinka bai kai inci 32 ba, kuɗin da za ka ƙara ba zai nuna kansa sosai ba.

Kada baƙin sarari a gefen hoto ya ruɗe ka. Zangunan farko a ma'aunin 4:3 aka ɗauke su, na baya ne 16:9. Masu danna maɓallin cika allo su ne ke mayar da Poirot gajere mai faɗi fiye da yadda yake.

Kallo ta intanet, irin su ITVX, BritBox ko Acorn TV, ya dogara da ƙasar da kake, kuma ana iya cire shirin ko wasu zanguna ba sanarwa. Lissafin data ma ba wasa ba ne. Shirin gaba ɗaya ya haura awa 80. A matsakaicin hoto, wajen gigabait 1 a awa, ka ci 80 ke nan, a hoto mai kaifi kuwa ya ninka har uku. Amfaninsa shi ne ɗanɗano: kalli kashi biyu, ɗaya na 1989 ɗaya na bayan 2003, kafin ka sa kuɗi a kwali.

Faifan nan na "goma a ɗaya" kuwa a bar shi. DVD mai shimfiɗa ɗaya gigabait 4.7 yake ɗauka, awa biyu na hoto mai kyau. Idan aka cusa masa awa goma, hoton sai ya farfashe a wuraren duhu, sauti ya riga baki, rubutun ƙasan allo ya ɓace. Rubutun nan kuwa ana bukatarsa, domin Suchet yana Turanci ne da karin harshen Faransanci, yana kuma jefa kalmomin Faransanci a tsakiyar zance. Ko a bugu na asali a duba bayan kwali, an rubuta ko akwai rubutun ko babu.

Na hannu kuma, buɗe kwalin a gaban mai shi, ka ƙirga faya-fayan ɗaya bayan ɗaya, tarin kan kai talatin ko kusa. Ɗaga kowane ga haske: ƙarcen da ya bi zagayen faifai ya fi wanda ya ratsa daga tsakiya zuwa baki illa, don shi ne ke sa hoto ya tsaya cik.