Masaukin 'yan jinya a Shika

Sati uku na yi ina jinyar Inna a asibitin koyarwa na Shika, bayan an turo mu daga Gusau. Ba mu san kowa a Zariya ba. Wata mai shara ce ta nuna mini gidan wata Hajiya da ke sauke 'yan jinya kyauta, Allah Ya saka mata. Mu shida a ɗaki, kowa da tabarmarta. Murhun tsakar gidan ne ya fi yi mini rana: a nan nake dama wa Inna kunu da asuba, kuɗin abinci ya tafi magani. Aibinsa sauro, ga layin bayi da safe, don haka ki riƙo gidan sauronki. Maza kam ba a sauke su, ƙanena a masallaci ya riƙa kwana.