Sanya Iyakwandishan a Gida a Kanada: Abin da Za Ka Auna Kafin Ka Biya Kuɗi

A Kanada an gina gidaje ne domin su tsare ɗumi, bango mai kauri da tagogi masu gilashi biyu, don haka idan zafin watan Yuli ya shiga gida ba ya samun hanyar fita. A ƙarshen watan Yuni na 2021 garin Lytton da ke lardin British Columbia ya kai digiri 49.6 a ma'aunin Salshiyas, kuma mutane fiye da 600 suka rasu a lardin sakamakon zafin wannan makon, mafi yawansu tsofaffi ne da ke cikin gidajen da babu abin sanyayawa. Tun daga lokacin iyalai da yawa suka daina kallon iyakwandishan a matsayin kayan alatu. Sai dai lissafin kuɗinsa a ƙasar sanyi ya bambanta da na ƙasar zafi, domin na'urar da aikinta sanyayawa kawai za ta yi hidima ta wata biyu ko uku a shekara, sauran watannin tana zaune a waje dusar ƙanƙara na rufe ta.

Abu na farko da ke yanke farashi shi ne yadda ake ɗumama gidan a yanzu. Yawancin gidaje a lardunan Ontario da Alberta da Manitoba suna da murhun gas a ɗakin ƙarƙashin ƙasa wanda ke hura iska mai ɗumi ta cikin bututai zuwa kowane ɗaki. A irin wannan gida, sanya iyakwandishan na gida gaba ɗaya aiki ne na yini guda, tunda za a ɗora sashen sanyayawa a kan murhun, a ajiye kwampireso a waje, iska ta bi bututan da ke nan. Yawanci kuɗin na'ura da na aiki yakan kama tsakanin dalar Kanada 3,500 zuwa 7,000, gwargwadon girman gida da birnin da ake. A lardin Kebek kuwa gidaje da yawa hita ta lantarki ce a gindin bango, tsofaffin gidajen Toronto da Montreal kuma wasu da ruwan zafi ake ɗumama su, babu bututun iska ko ɗaya. Fasa bango da silin domin shimfiɗa sababbin bututai zai iya cin kuɗin da ya fi na na'urar kanta, kuma ban ga dalilin yin hakan ba alhali akwai wata hanya.

Wannan hanyar ita ce na'ura mai rabi biyu, irin wadda aka sani a gidaje da ofisoshin Kano da Abuja: kai ɗaya a bangon ɗaki, kwampireso a waje, siririn bututun jan ƙarfe ya haɗa su. Sanya kai ɗaya yakan tashi daga dala 3,000 zuwa 6,000, kuma kowane ƙarin kai yana ƙara 'yan dubbai. Wanda ya saba da farashin Najeriya zai ga abin ya yi yawa, amma kaso mai yawa na kuɗin na ma'aikata ne, domin doka ba ta yarda kowa ya taɓa gas ɗin sanyayawa ba sai mai takardar shaida, kuma haɗa layin wuta na bolt 240 yakan buƙaci mai lasisin lantarki da izinin hukuma.

Ga ɗan haya, magana ta fi gajarta. Na'urar taga ita ce mafi araha, daga dala 200 zuwa 600, kuma tana sanyaya ɗaki ɗaya da kyau. Amma gine-gine masu tsawo da yawa sun hana ta, musamman a Toronto bayan da wata ta faɗo daga sama a 2019 ta yi sanadin rasuwar wata ƙaramar yarinya, saboda haka a karanta yarjejeniyar haya kafin a saya. Na'urar tsaye mai taya, wadda ake fitar da tiyonta ta taga, ta fi tsada kaɗan, ta fi ƙara, ta fi shan wuta, kuma idan dole ce to mai tiyo biyu ta fi mai tiyo ɗaya. Dukansu ana cire su a watan Oktoba a toshe tagar da kyau.

Inda ya kamata mai gida ya tsaya ya yi dogon nazari shi ne a kan na'urar jan zafi, wato iyakwandishan mai juya aikinsa. Da rani tana kwashe zafin ɗaki ta fitar da shi waje, da hunturu kuma tana jawo ɗumin da ke cikin iskar waje ta shigo da shi ciki, domin ko iskar da ke ƙasa da sifili tana ɗauke da zafin da za a iya tatsa. Tunda ɗauko zafin take yi, ba ƙirƙirarsa ba, takan bayar da ɗumi ninki biyu zuwa uku na wutar da ta sha, har fiye idan sanyin bai tsananta ba, alhali hitar bango ba ta iya wuce ɗaya bisa ɗaya. Waɗanda aka ƙera domin ƙasashen sanyi, irin na Mitsubishi da Fujitsu da Daikin, suna ci gaba da aiki har zuwa digiri 25 ko 30 ƙasa da sifili, duk da cewa ƙarfinsu yana raguwa yayin da sanyi ke ƙaruwa. Wadda za ta ɗauki gida gaba ɗaya ta cikin bututai takan kama daga dala 8,000 har ta haura 15,000, wato kusan ninki biyu na iyakwandishan zalla.

Ko wannan ƙarin kuɗin zai dawo aljihu ya dogara ne ga lardin da mutum yake. A Kebek da Manitoba, inda wutar lantarki ta madatsun ruwa ce kuma tana da sauƙi, mai hitar bango zai ga takardar kuɗin wutarsa ta sauka tun hunturun farko. A Nova Scotia da tsibirin Prince Edward, inda gidaje da yawa ke ƙona man ɗumama mai tsada, ribar ta fi fitowa fili, har gwamnatin tarayya ta ware tallafi na musamman domin masu ƙaramin ƙarfi da ke son barin man. A Alberta da Saskatchewan kuwa gas yana da araha, lantarki ya fi tsada, sanyi kuma yakan kai digiri 40 ƙasa da sifili, don haka can lissafin bai da daɗi sosai. Abin da ya fi dacewa a irin wannan wuri, har ma da yawancin Ontario, shi ne a bar murhun gas ɗin a wurinsa, na'urar jan zafi ta ɗauki kaka da bazara da ranakun hunturu masu sauƙi, murhun ya karɓi aiki idan sanyi ya wuce iyakar da aka saita. A ganina, duk mai gidan da zai kashe dala 5,000 a kan na'urar wata uku, ya cancanci ya nemi farashin wadda za ta yi masa aiki na wata tara ko goma kafin ya sa hannu.

Batun tallafin gwamnati yana son taka tsantsan. Shirin tarayya na Greener Homes, wanda a da yake bayar da har dala 5,000, ya daina karɓar sababbin masu nema a farkon 2024, amma larduna da kamfanonin wuta da na gas suna da nasu rangwamen, waɗanda sharuɗɗansu ke sauyawa. Da yawansu suna buƙatar samfurin ya kasance a cikin jerin da suka amince da shi, wasu kuma sai an duba gidan kafin a fara aiki, don haka wanda ya sanya na'ura sannan ya nemi tallafi zai iya rasa shi.

Akwai kuma kuɗaɗen da ba sa fitowa a farashin farko. Tsohon gida mai akwatin wuta na amfiya 60 ko 100 yana iya buƙatar a ɗaga shi zuwa 200, aikin da ke cin 'yan dubban daloli. Sashen waje na na'urar jan zafi dole a ɗora shi a kan ƙafafu ko a kafa shi a bango sama da inda dusar ƙanƙara ke tsayawa, nesa da bakin indararo, saboda yana narkar da ƙanƙarar da ta daskare masa lokaci zuwa lokaci, kuma ruwan yana buƙatar inda zai zuba ba tare da ya daskare a kan hanyar shiga gida ba. Masu gidajen kondo kuma, wato waɗanda suka mallaki sashe ɗaya a cikin ginin tarayya, sai sun sami amincewar kwamitin ginin kafin a huda bango.

Girman na'ura shi ma kuɗi ne. A can ana auna ƙarfi da tan, tan ɗaya kuma BTU 12,000 ne (BTU ma'aunin zafin da na'ura ke kwashewa ne), kusan daidai da abin da ake kira mai ƙarfin doki ɗaya da rabi a kasuwannin Najeriya. Sayen wadda ta fi ƙarfin gida asara ce biyu, domin ta fi tsada, kuma tana sanyaya ɗaki da sauri ta mutu kafin ta tsotse danshin iska, alhali danshin ne ke sa ranin Toronto da Ottawa ya yi nauyi. Ma'aikacin kirki zai auna tagogi da bango da rufi ya yi lissafi bisa ƙa'idar CSA F280, wato ƙa'idar Kanada ta tantance ƙarfin na'urar da gida ke buƙata, ba zai kalli faɗin gida kawai ya faɗi lamba ba.

A nemi farashi a rubuce daga kamfanoni uku, kowanne ya nuna lambar samfuri, aikin lantarki, kuɗin izini, haraji da tsawon garanti na kaya da na aiki daban daban. A yi hattara da kwangilar haya ta wata wata da ake tallatawa da cewa babu kuɗin farko, domin jimillarta a cikin shekara goma takan zarce farashin saye nesa ba kusa ba, kuma fita daga cikinta yana da tsada. Ontario ta haramta tallar irin waɗannan na'urori ƙofa ƙofa tun 2018 saboda yawan koke. Lokacin da ya fi dacewa a kira ma'aikata shi ne Maris zuwa Afrilu ko Satumba zuwa Oktoba, sa'ad da aiki ya yi musu sauƙi kuma suna da sararin yin ciniki.